Talotalon Ranar Godiya Tsakanin Gishiri Da Garwashi

A ranar Alhamis ta huɗu ta kowane watan Nuwamba, iyalai a faɗin Amurka sukan hallara a gida ɗaya domin bikin da suke kira Ranar Godiya, kuma abin da ake ɗorawa a tsakiyar teburi a mafi yawan gidaje shi ne gasasshen talotalo sukutum guda, wanda ƙiyasin da ƙungiyar masu kiwonsa ta daɗe tana bayarwa ya nuna ana cin kimanin miliyan 46 a wannan biki kaɗai. Duk da wannan matsayi, da wuya a sami naman da Amurkawa suka fi kuka da shi, domin ƙorafin da ake maimaitawa kowace shekara shi ne ƙirjin tsuntsun yakan fito a bushe ƙamas, sai an kwarara masa romo kafin ya wuce maƙogwaro. Hujjar da za a kafa a nan ita ce wannan bushewa tana da sanadin da aka sani, kuma waɗanda suka fitar da aikin daga tanderun ɗakin girki zuwa farfajiyar gida, suka sa wa tsuntsun gishiri tun da sauran kwanaki, sannan suka soke shi a sandar ƙarfe mai juyawa a gefen garwashi, su ne suka fi kusa da gano bakin zaren, muddin sun yarda su rage girman tsuntsun da suke saye.

Asalin talotalo nahiyar Amurka ne. Mutanen ƙasar da a yau ake kira Meziko ne suka mayar da shi tsuntsun gida ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Turawa, Sifaniyawa suka kai shi Turai a farkon ƙarni na 16, daga can kuma ya bazu har ya iso kasuwannin Afirka. Bikin kansa ana danganta shi da liyafar kaka ta shekarar 1621 a Plymouth, wadda baƙin da suka zo daga Ingila suka yi tare da mutanen Wampanoag, ko da yake Shugaba Abraham Lincoln ne ya ayyana shi ranar ƙasa a 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa, Majalisar Dokoki kuma ta tsayar da shi a Alhamis ta huɗu a 1941. Ya kamata a ambata, ko da a taƙaice, cewa tun 1970 wasu daga cikin 'yan asalin ƙasar suke taruwa a Plymouth a wannan rana domin zaman makoki, saboda abin da ya sami kakanninsu bayan waccan liyafa.

Sai dai tsuntsun da ake saye a kantunan Amurka a yau ya yi nisa da wanda aka sani a wancan zamani. Kusan dukkansa jinsi ɗaya ne, fari mai faffaɗan ƙirji, wanda kamfanonin kiwo suka yi ta tacewa shekara da shekaru saboda masu saye sun fi son farin naman ƙirji, har ta kai ga nauyin talotalon da ake yankawa ya kusa ninka abin da yake a 1960, ta kuma kai ga namijin ba ya iya barbarar macen saboda girman ƙirjinsa, sai an haɗa iri da hannu. Ana yanka shi yana ɗan wata uku da rabi zuwa biyar, kafin naman ya tara kitse ko ɗanɗano mai ƙarfi. A jihohi irin su Minnesota da North Carolina, inda aka fi kiwonsa, wannan nasara ce ta kasuwanci, amma ga mai girki matsala ce, domin an danƙa masa tsuntsu ɗaya mai ɗauke da nama iri biyu da ba sa nuna a lokaci ɗaya.

Naman ƙirji tsoka ce da tsuntsun ba ya aiki da ita, ba ta da kitse ba ta da jijiya, kuma da zarar zafin cikinta ya haura digiri 70 a ma'aunin Salshiyas sai zarurrukanta su takure su matse ruwan da ke cikinsu. Cinya da ƙafa kuwa su ne suke ɗauke da nauyin tsuntsun tsawon rayuwarsa, shi ya sa naman ya yi duhu, yake kuma cike da wani furotin mai tauri da ake kira kolajin, wato abin da ke haɗa tsoka da tsoka, wanda ba ya narkewa ya yi laushi sai zafi ya kusa digiri 80 ya kuma daɗe a can. Idan aka kwantar da tsuntsun rigingine a tanderu, kamar yadda aka saba, ƙirjin ne ke sama yana shan zafi kai tsaye, cinyoyin kuma suna ƙasa a ɓoye cikin kasko, wato sashen da ya fi buƙatar sassauci shi aka fi gasawa. Kafin cinya ta nuna, ƙirji ya riga ya wuce gona da iri, kuma gwargwadon girman tsuntsu gwargwadon faɗin wannan tazara.

Maganin da ya fi yin suna a Amurka tun daga shekarun 1990 shi ne tsima tsuntsun a ruwan gishiri, dabarar da mujallar Cook's Illustrated ta yayata, shirin talabijin na Alton Brown kuma ya kai ta gidaje da yawa a 1999. Ana narkar da gishiri gram 50 zuwa 60 a kowace litar ruwa, a nutsar da talotalon gaba ɗaya, a bar shi cikin sanyi na awa 12 zuwa 18. Abin da ke faruwa a cikin naman shi ne gishirin yana ratsawa a hankali yana sassauta wani furotin na tsoka mai suna mayosin, zarurrukan su buɗe su sha ruwa, idan kuma wuta ta taɓa su ba sa iya takurewa da ƙarfi kamar da. Harold McGee, marubucin da ya shahara a kan kimiyyar girki, ya bayyana cewa naman da aka tsima yakan ƙara kusan kashi 10 cikin ɗari na nauyinsa, saboda haka ko ya zubar da ruwa a wuta, abin da ya rage ya fi na wanda ba a tsima ba. Dabarar tana aiki, wannan babu musu a kansa.

Tambayar da ta dace a yi ita ce mene ne naman ya sha. Amsar ita ce ruwan famfo. Lemo da tafarnuwa da ganyayen ƙamshi da ake zubawa a cikin ruwan, waɗanda littattafan girki suke jera su da yawa, mafi yawan ƙamshinsu a fata yake tsayawa, domin ƙwayoyinsu sun yi girman da ba sa iya ratsa tsoka, gishiri kaɗai ke shiga can ciki. Sakamakon shi ne nama mai laima amma lami, wanda ɗan ɗanɗanon da yake da shi tun farko an surke shi, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Bayan haka fatar takan jiƙe jagab, ga wahalar neman mazubin da zai ɗauki tsuntsu mai kilo bakwai da ruwa lita takwas ko goma, wanda dole ya zauna ƙasa da digiri 4 dare guda cur, a daidai makon da firjin kowane gida ya cika maƙil. Gidaje da yawa sukan koma ga akwatin ƙanƙara a gareji, kuma a nan ne haɗari yake, domin idan ƙanƙarar ta narke da tsakar dare babu mai sani, ruwan ɗanyen naman kuma ya zama matattarar ƙwayoyin cuta. McGee da kansa yana cikin waɗanda suka nuna shakku a kan tsimin ruwa, har ya yi nuni da cewa maiƙon da ke ɗiga daga irin wannan tsuntsu yakan yi gishirin da ba ya haɗa romo mai kyau.

Hanyar da ta fi cancanta ita ce shafa busasshen gishiri. Judy Rodgers, wadda ta kasance mai gidan abinci na Zuni Café a San Francisco, ta yi suna da sa wa kaji gishiri kwanaki kafin gashi, kuma a 2006 Russ Parsons na jaridar Los Angeles Times ya gwada dabarar a kan talotalo ya yaɗa ta. Ana auna gishiri gram 6 zuwa 10 ga kowane kilo na tsuntsun, a shafe shi ciki da waje, a fi mayar da hankali ga ƙirji da cinya inda tsoka ta fi kauri, wanda ya iya kuma ya zura yatsu a hankali tsakanin fata da nama ya kai gishirin can ba tare da ya yaga fatar ba. A ranar farko gishirin yana jawo ruwan naman waje, har a ga jikin tsuntsun ya yi gumi, sannan ya narke a cikin wannan ruwa, naman kuma ya sake shanye shi cikin kwana biyu zuwa uku. Aikin da gishiri yake yi wa mayosin bai canja ba, bambancin kawai shi ne ruwan da tsuntsun ya riƙe nasa ne na asali. A daren ƙarshe ana barin sa a buɗe a firji, kuma da safe za a tarar fatar ta ɗame ta yi ɗan sheƙi, tana kama yatsa kaɗan idan an taɓa, wanda shi ne alamar za ta yi ja ta yi ƙaras-ƙaras a wuta. Launin ja da ƙamshin gashi suna fitowa ne daga haɗuwar furotin da sukari a zafi mai yawa, abin da masanin Faransa Louis-Camille Maillard ya fara bayyanawa a 1912, kuma wannan haɗuwa ba ta kankama sai ruwan da ke saman fata ya ƙafe, saboda haka fatar da ta shiga wuta a jiƙe rabin lokacinta a turara take ƙarewa.

Wajibi ne mai saye ya karanta takardar da ke jikin tsuntsun kafin ya ɗauki gishiri. Da yawa daga cikin daskararrun talotalon manyan kantuna an riga an yi musu allurar ruwan gishiri da romo a masana'anta, wasu har kashi 8 cikin ɗari na nauyinsu, waɗanda aka yanka bisa ƙa'idar Yahudawa kuma an riga an jiƙa su an barbaɗe su da gishiri domin fitar da jini, kuma ƙara wa kowanne daga cikinsu gishiri ɓata shi ne. Musulman Amurka, waɗanda da yawansu suke yin wannan biki a matsayin taron iyali, sukan nemi yankan halal a mahautan garuruwa irin su Dearborn ta jihar Michigan, kuma busasshen gishiri ya wadatar da su daga dabarun da wasu littattafan girki suke bayarwa na lulluɓe ƙirji da kitsen alade ko zuba giya a ruwan tsimi. Akwai kuma lissafin kwanaki, wanda nan ne aka fi yin tuntuɓe. Ma'aikatar Noma ta Amurka ta ce daskararren talotalo yana buƙatar awa 24 a firji ga kowane kilo biyu kafin ya saki, wato tsuntsu mai kilo shida zai ci kwana uku, idan aka haɗa da kwanakin gishiri kuma ya zama aikin ranar Alhamis tun Juma'a ko Asabar ɗin da ta gabata yake farawa.

Gashi a sanda mai juyawa ya girme wa tanderun gida nesa ba kusa ba. A da, a manyan gidajen Ingila yara ne suke zama gefen murhu suna juya sandar da hannu, daga baya aka samar da wani jinsin kare mai gajerun ƙafafu da ke gudu a cikin wili yana juya ta, sannan aka koma ga na'urorin da nauyi ko hucin hayaƙi ke motsawa. A yau ƙaramin injin lantarki ne ake maƙalawa a gefen murhun gashi, ko mai aiki da gas ko mai gawayi irin mai siffar ƙwarya da murfi wanda George Stephen ya ƙera a yankin Chicago a 1952, ya kuma zama kayan kusan kowace farfajiya a unguwannin Amurka. Fa'idar juyin ita ce babu sashen da ke daɗewa yana fuskantar wuta, kowane ɓangare yana shan zafi na ɗan lokaci ya juya ya huta, kitsen da ke narkewa daga fata kuma, maimakon ya zube nan take, sai ya yi ta zagaya jikin tsuntsun yana shafe shi, aikin da mai tanderu yake yi da ludayi yana buɗe ƙofa yana zubar da zafi. Mai karatun da ya taɓa tsayawa gaban tukubar mai tsire, ko ya ga yadda ake kafa ragunan layya a kan sanduna kewaye da wuta a Yamai, ya san ƙa'idar tun tuni: harshen wuta ba ya taɓa nama, hucin garwashi ne ke aiki daga gefe, mai gashi kuma yana juyawa.

Nasarar aikin ko lalacewarsa tana ga ɗauri da daidaita nauyi. Ana cire wuya da ƙundu da hanta daga cikin tsuntsun, a lanƙwasa bakin fikafikai a maƙale su a baya, a ɗaure su da zaren auduga tam a jikin ƙirji, a haɗe ƙafafu a ɗaure, domin fiffiken da ya kwance zai riƙa lilo yana dukan garwashi har ya ƙone ƙurmus. Sannan a zura sandar daga wuya zuwa gindi, a danna ƙugiyoyin ƙarfe biyu masu yatsu cikin naman daga kowane gefe, a ɗaure kusoshinsu har sai hannu ya gaza. Kafin a kai wuta, ana ɗora bakin sandar biyu a tafin hannuwa a mirgina ta a hankali, idan ta riƙa faɗawa gefe ɗaya da sauri, to ƙirji ya rinjayi baya, sai a gyara zaman ƙugiyoyin ko a maƙala ɗan ƙarfen daidaita nauyi a wajen mariƙi. Kunne ma yana ba da labari, domin injin da aka ɗora wa kayan da bai daidaita ba yakan yi gurnani yayin da yake ɗaga gefen mai nauyi, ya yi shiru, sannan a ji ƙwas yayin da nauyin ya faɗa, kuma wanda ya ƙyale wannan sauti zai iya tarar da injin ya tsaya, gefe ɗaya ya babbake, ɗayan yana ɗanye.

Garwashi ba a tara shi ƙarƙashin tsuntsu. Ana raba shi gefe biyu, a ajiye faranti mai zurfi a tsakiya domin tarar maiƙo, wanda in ya ɗiga kan garwashi zai tayar da wuta da baƙin hayaƙi mai ɗaci. A nan ne sanda ta ba mai gashi ikon da tanderu ba ya bayarwa, domin yana iya karkata yawancin garwashin zuwa ɓangaren ƙafafu, ya bar ɓangaren ƙirji da sassauƙan zafi, ta yadda cinya za ta riga ƙirji da digiri takwas ko goman da ake nema. Wasu sukan ƙara da ɗora jakar ƙanƙara a kan ƙirjin na kusan rabin awa kafin gashi, domin ya shiga wuta ya fi cinya sanyi. Ana rufe murfi, a riƙe zafin ciki tsakanin digiri 160 da 180, a ƙara gawayi kaɗan duk bayan awa ɗaya, kuma guntun itacen tuffa ɗaya ko biyu ya isa ƙamshin hayaƙi, domin naman talotalo ba ya jure hayaƙi mai yawa. Tsuntsu mai kilo biyar da rabi zuwa shida da rabi yakan nuna cikin awa biyu zuwa uku.

Agogo dai shawara yake bayarwa, hukunci na ma'aunin zafi ne. Ƙa'idar Ma'aikatar Noma, tun bayan da ta sassauta ta a 2006, ita ce digiri 74, wato 165 a ma'aunin Faranhait da Amurkawa suke amfani da shi, a auna a mafi kaurin ƙirji da can cikin cinya da gindin fiffike, ba tare da bakin ma'aunin ya taɓa ƙashi ko sandar ba. Ɗan jan maɓallin roba da kamfanoni suke dasawa a ƙirjin wasu talotalo, wanda ke tasowa idan wai nama ya nuna, an saita shi ne a kusa da digiri 82, saboda haka mai jiran sa ya riga ya busar da ƙirjin. Launi ma yana yaudara, domin iskar da garwashi ke fitarwa tana haɗuwa da sinadarin da ke ba nama launi ta bar wani ja-ja a ƙarƙashin fata ko da naman ya nuna sarai. Wannan tsanani a kan awo yana da dalili: tsakanin 2017 da 2019 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bi sawun ɓarkewar cutar salmonela da aka danganta da ɗanyen naman talotalo, wadda ta kama sama da mutum 300 a jihohi fiye da 40. Saboda irin wannan ne hukumomi suke gargaɗi a kan wanke ɗanyen tsuntsu a famfo, domin fantsamar ruwan tana yaɗa ƙwayoyin a ɗakin girki, kuma saboda shi ne bai kamata a cusa haɗin burodi da albasa a cikin tsuntsun da za a ɗora a sanda ba, tun da tsakiyar haɗin takan daɗe a ɗumin da ƙwayoyin cuta suka fi so, tsakanin digiri 4 da 60. A dafa shi daban a kasko.

Masu sukar wannan hanya suna da hujjoji, kuma wasu daga ciki masu ƙarfi ne. Ƙarshen Nuwamba a Chicago ko Boston lokaci ne na iska mai sanyi, wani lokaci har da dusar ƙanƙara, iska kuwa tana cinye gawayi tana kuma sauke zafin murhu, saboda haka dole wani ya tsaya a waje yana lura alhali dangi suna ciki suna hira. Jan murhun zuwa cikin gareji domin gudun sanyi ganganci ne mai kisa, domin gawayi yana fitar da iskar guba marar wari marar launi. Amma idan aka auna da soya talotalo sukutum a tukunyar tafasasshen mai, al'adar da ta fito daga kudancin ƙasar, wadda hukumomin kashe gobara suke gargaɗi a kanta kowace shekara a Ranar Godiya, ranar da ta fi kowace rana yawan gobarar girki a Amurka, gashin sanda ya fi aminci da nisa. Yana kuma sakar wa uwargida tanderu domin dankali da burodi da kek ɗin kabewa, waɗanda a da sai sun jira tsuntsun ya fito.

Hujjar da ta fi wuyar amsawa ita ce ta girma. Yawancin injinan gida ba sa ɗaukar abin da ya haura kilo bakwai ko takwas cikin kwanciyar hankali, murfin murhu ma ba ya rufuwa a kan ƙaton tsuntsu, alhali a gidaje da yawa shigo da talotalo mai kilo goma a kan faranti, kowa ya yi shewa, shi ne ƙololuwar bikin. Sai dai wannan iyaka da sanda ta gindaya alheri ce, domin ƙaton tsuntsun shi ne tushen bushewar da ake kuka da ita, kuma gidan da ke da baƙi ashirin ya fi cin riba idan ya gasa matsakaita biyu, ɗaya a sanda ɗaya a tanderu, ko ɗaya bayan ɗaya, ya sami cinyoyi huɗu maimakon biyu. Wanda yake da hali kuma yana iya neman tsofaffin jinsuna irin su Bourbon Red da Narragansett, waɗanda ƙananan manoma suke kiwo wata shida zuwa bakwai, ƙirjinsu bai kumbura ba, naman ya fi ɗanɗano, siffarsu kuma ta fi zama daidai a sanda, ko da yake kuɗinsu yakan ninka na kanti sau da yawa.

Idan ma'auni ya nuna an kai, ana kashe injin, a ɗauke sandar da safar hannu mai kauri domin ƙarfen yana ƙuna, a zare ƙugiyoyi, a yanke zare, a bar tsuntsun ya huta minti 20 zuwa 30 ba tare da an lulluɓe shi tam ba, don kada tururi ya sake jiƙa fatar. A cikin wannan hutu zafin waje yana ci gaba da ratsawa ciki, ruwan naman kuma yana yin kauri ya zauna, ta yadda wuƙa ba za ta zubar da shi a kan katako ba. Maiƙon da ya taru a faranti ana ɗanɗana shi kafin a haɗa romo, a surka shi da ruwan dahuwar wuya da ƙundu wanda ba a sa wa gishiri ba. Abin da ya saura bayan an ci kuma ana zare shi daga ƙashi a sa a firji kafin awa biyu su cika, a cinye cikin kwana uku zuwa huɗu, ƙasusuwan da suka sha hayaƙi kuma a tafasa su da albasa da karas a yi farfesun washegari.